Hoton da Ke Jikin Bas

A wata tashar bas a Chicago, Odessa na zaune rungume da kwalin kayanta na ofis. Wani dattijo a gefenta yana karanta jarida yana ta tsaki.

"Baiwar Allah, ji wani abin haushi. Gidan talabijin ɗin can ya ƙara wa wani shugaba albashi, dala dubu ɗari bakwai a shekara. Wai aikinsa ya tabbatar ana damawa da baƙaƙen fata da mata. Wannan ma aiki ne?"

"Yana aiki mana, Baba. Yana kiran taro. Har kek ake rabawa."

"Au, kin san shi ke nan?"

"Shekara tara ina riƙe musu kyamara. Sau ɗaya ya taɓa yi min magana, ranar ɗaukar hotunan talla. Baƙaƙen sashenmu ba su da yawa, sai ya sa na canja riga sau uku, a ga kamar mun cika gidan."

Dattijon ya tuntsire da dariya. "To ai ke ya kamata a ba kuɗin, 'yata! Ke kaɗai mutum uku!"

"Yau dai an sallami ukun gaba ɗaya. Wai kamfani na tsuke bakin aljihu."

Dariyar ta tsaya. Sai yanzu ya lura da kwalin.

Bas ta iso. A jikinta ga ƙaton hoton Odessa tana murmushi har kunne, an rubuta a ƙasa: Nan gidan kowa ne.

"Ikon Allah! Ba ke ce wannan ba?"

Ta miƙe, ta gyara riƙon kwalinta.

"Ni ce. Ita ba su kore ta ba, Baba. Ai ba ta karɓar albashi."