Kwalaben Likita da Rumbun Albasa

A tashar Achida nike jiran motar Goronyo, wani dattijo da wata mata suna zaune bayana, ba wanda ya san wani.

"Baba, daga asibiti?" in ji matar.

"Daga Sakkwato, ɗiyata. Hannuna da ke rawa na kai masu, sai likita ya yi ta miƙo min kwalabe wai in sunsuna. Mi ya haɗa hannu da hanci?"

"Nawa ka gane?"

"Ruwa ya zuba masu duka. Ni da na shekara arba'in ina ajiyar albasa? Daga bakin rumbu nike jin wadda ta fara ruɓa."

"Bana fa?"

"Bana rumbu biyu sunka ruɓe. Sakacin ƙanena na, har yau ba mu magana."

"Haka maigidana ya fara, Baba. Ya ce na daina sa daddawa ga miya. Bayan shekara huɗu rawar ta zo. Likita ya ce ciwon ta hanci yake fara sallama."

"Ya warke?"

"Magani na rage mashi. Amma ni ka ɗaure mashi zariyar wando."

Dattijon ya dubi zariyar wandonshi.

"Ni tawa matar ta rasu da azumi," ya ce.