Kwanon Isah da Tagar Ɗakinsa

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, iyayen ƙasa hakimai da dagatai, malamanmu masu daraja, likitoci da ma'aikatan lafiya, iyayenmu mata da ke can baya, jama'ar Dutse da baƙinmu na Ringim da Garki, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ni da ba likita ba, malamin firamare kawai daga Yalwawa. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne na yi jinyar ƙanena Isah har Allah ya karɓi abinsa, kuma na zo in yaba mana, domin mu mutane ne masu dabara.

Na farko, mun iya tsoro. Ranar da aka ce Isah yana da ƙanjamau, muka ware masa kwano, muka ware masa moɗa, muka ware masa buta, har mahaifiyarmu Iya ta ɗaura wa cokalinsa jan zare gudun kuskure. Aka ce mana ƙanjamau ba ta bin kwano, muka ce wannan zancen 'yan boko ne.

Na biyu, mun iya rufin asiri. Da tari ya sarƙe shi, ni da hannuna na toshe tagar ɗakinsa da kwali da tsumma, kada maƙwabta su ji su sami abin faɗa.

Na uku, mun iya zumunci. Duba mara lafiya sunna ce, mu kuwa a wannan zamani na shari'a ba a barin mu a baya. Kullum bayan la'asar sai mu cika ɗakin nan mu saki labule, kowa ya naɗe hannu kada ya taɓa shi, kowa yana shaƙar abin da ya tarar. 'Yarsa Huseina kuwa, mai shekara shida, an hana ta taɓa kwanonsa, amma a gefen tabarmarsa take wuni.

Wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Rukayya, ta zo ta ga ɗakin, ta ce da ni, "Malam, ƙanjamau ce ta karya masa garkuwar jiki, shi ya sa tarin fuka da ke kwance ya tashi. Wadda kuke gudu ba ta bin iska. Wanda ke bin iska shi kuka rufe taga kuka zauna da shi. Kuma yana da magani, kyauta, wata takwas."

Na ce, "Malama, mu a gidanmu ba a tarin fuka, sanyi ne."

Isah ya rasu da azumin bara. Ina mai farin cikin sanar da ku cewa ba wanda ya kamu da komai ta kwanon nan. Yana nan a rataye, tsaf da shi. Huseina ce dai yau sati uku tana tari, tana ramewa, kuma jiya Iya ta tambaye ni inda na ajiye kwalin.

Jama'a, kunya nake ji, kuma tsoro nake ji. Gobe da hantsi zan ɗauki yarinyar nan a babur in kai ta asibiti, ta bakin kasuwa za mu bi, mai kallo ya kalla. Mai tarin da ya wuce sati biyu a gidansa, ya biyo mu. Kafin nan, ina roƙon shugaban taro a buɗe tagogin wannan zaure, domin tun da na fara magana mutum huɗu sun yi tari.

Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya jiƙan Isah, ya yafe mini tagar nan, ya bar mana Huseina.

Na gode.