Masu Gadin Ƙirjina

A ɗakin jiran likita, fanka na juyawa a hankali. Wata mai ɗinki, da guntun zare maƙale a gyalenta, ta juya ga dattijon da ke gefenta.

"Baba, ka taɓa jin ciwon dajin da ba ya tafiya, ba ya kuma girma? Duk sanda aka ɗauki hoton ƙirjina, yana nan kamar ɗan maɓalli. Likita ya ce sojojin jikina ne suka tsare shi. Duk ƙwayar da ta leƙo sai su cinye ta, amma uwar ta gagare su."

"To, me kike so?"

"A cire shi in huta, amma sun ce wuƙa ba ta kai wurin. Wani lokaci ina taka keken ɗinki, sai in gan su a raina, 'yan mutane cikin fararen kaya, zaune kewaye da shi kamar masu renon jariri. Ba mai magana. Har tausayinsu nake ji, ba sa zuwa gida."

Dattijon ya juyo ya dube ta.

"Ni nawa kwantar da su aka yi, 'yata. Ƙanena ya ba ni ƙoda, aka ɗora ni kan maganin da ke sa su barci, don kada su far wa baƙuwar. Ashe akwai abin da suke tsare mini, ban sani ba. Suna kwanciya, ciwon daji ya tashi."

Ta dafa ƙirjinta.

"In kin koma kan kekenki," ya ce, "ki gaishe mini da su."