Wankan Masu Rai

A bencin ƙofar ɗakin maza, a wani asibiti a Makarfi, wata dattijuwa daga Dandamisa ta tare matar wani malamin makaranta da mita.

"Ke 'yar nan, a garinku ana yi wa mai rai wanka a kwance? Mijina Malam na numfashi, nas ta juya shi dama, ta juya shi hagu, da ruwa mai wari. Saura likkafani!"

Matar ta yi dariya. "Haba Inna, ƙauyanci! Ruwan magani ne. Akwai ƙwayoyin cuta a asibiti da allura ta daina kashewa. Ni na roƙa a yi wa maigidana kullum."

"Allah ya ƙara ilimi. Kin taɓa tsayawa kin gani?"

"Sai an gama nake zuwa."

"To ni nake jawo musu ruwa a rijiya, famfo ya ƙafe tun hawan soja. Maganin ya ƙare ranar Talata, wai gwamnati na tsuke bakin aljihu. Kwalbar ake ɗaurayewa a zuba, don wari. Baho ɗaya, soso ɗaya, maza goma sha biyu, har da mai gyambon nan. Daga ƙofa ake farawa, kin san soja da son layi."

Dariyar ta ɗauke.

"Naki yana gado na nawa?" in ji dattijuwar.

"Na ƙarshe, jikin taga. Ni na zaɓa masa, saboda iska."

"Ayya. Malam dai na bakin ƙofa. Gobe in an gama da mu, sai a kawo muku ilimin."