Tiren Gyaɗar Mama

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ni ne Bitrus, mai faci a Samaru.

Na sha wahala, 'yan'uwa. Ba zan ɓoye muku ba.

Mahaifiyata ta tsufa tana sayar da gyaɗa a kasuwar Sabon Gari. Sai ciwon mantuwa ya kama ta. Ni ɗanta, wani lokaci "Malam" take ce mini. Amma kasuwa kam ba ta manta ba! Kullum da safe ta ɗaura ɗankwali ta tare ɗan acaɓa. In ta isa, hanyar gida ta ɓace mata. Sai in rufe aiki in bi ta, in biya zuwa, in biya dawowa, ranar ko taya ɗaya ban taɓa ba.

Aka ce jifa ne. Na kai akuya wurin mai magani, ni da nake zuwa coci! Allah ya gafarta mini. Likita a Shika ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, sai dai kulawa. Ga magani da tsada. Na kulle ta a ɗaki, ta wuni tana kuka. Har na sami wanda zai sayi injin iskata, abin da nake ciyar da gida da shi.

Ran Laraba a wurin addu'a na durƙusa na ce, "Ubangiji, na gaji." Iyakar addu'ar ke nan.

Muna fita Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, ta riƙe mini riga.

"Bitrus, kanka ɗaya? Mace na son kasuwa ka kulle ta? Kawo mata kasuwar mana!"

Ran Alhamis sai ga ta da tire da benci da gyaɗa, ta dasa su gefen wurin facina. Mama, mahaifiyata, ta zauna, ta gyara zane. Har yamma ba ta nemi acaɓa ba! Matan zumunta suka yi ta zuwa bi da bi, suna saye suna taya ta hira. Mama Saratu ta ce a yi mata gyara, Mama ta harare ta.

"Ke, gonar ubanki na noma?"

Na yi dariya har da hawaye. Halleluya!

Mama ba ta warke ba, amma Yesu ya sauke mini kaya. Na gode masa. Kai da ka gaji, faɗa masa haka kawai, yana ji.

Washegarin Alhamis ɗin nan da sassafe na je na ce wa mai sayen inji na fasa. Na dawo na zuba fetur, na tayar da abina.