Muryar Tsohuwar Akori-kura

A rumfar mai sayar da tsofaffin kayan mota, wani mai furfura yana ta jona hon a batir, ɗaya bayan ɗaya, idonsa a rufe. Direban tasi da ke jira a bayansa ya gaji.

"Malam, ka cika mana kunne. Hon ai hon ne."

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Murya nake nema."

"Ta wace mota?"

"Tsohuwar akori-kura, mai jan taya huɗu. Mahaifina ya tuƙa wa wani kamfani ita shekara ashirin. Shekara tara ina cigiyarta, na same ta a bayan wani gareji, kaji na ƙwai a kujerar direba. Na tayar da inji, na yi fenti. Hon ɗin ne kawai babu."

"Ka sa sabo mana. Mahaifin naka zai ƙi shiga ne?"

"Ya rasu tuntuni."

"Allah ya jiƙansa. To wa kake yi wa wahalar?"

"Mahaifiyata. Ta manta sunana, ta manta na jikokinta. Amma kullum da yamma sai ta ce a yi shiru, kada mahaifina ya danna hon ba ta ji ba. Sau biyu yake dannawa in ya shawo kwana."

Direban ya daɗe yana juya makullinsa.

"In ta ji, ta fito da murna, ta ga kai ne fa?"

Mai furfura ya dubi wani hon mai tsatsa da ya ware gefe.

"Ranar nake tsoro. Ga hon ɗin can, tun makon jiya na gane muryarsa, na kasa saya."