Ramin Gaban Bishiya

A tashar bas ta bakin teku, tsohuwa Sanije sai leƙen hanya take tana matsa gwiwa. Kusa da ita wani mutum ne tsaye, takalminsa duk yashi.

"Ku ne masu katafilar nan ko?" ta ce. "Kun gama da mu. Da can in ka binne ƙafafunka a yashi mai zafi, sanyin ƙashi ya sake ka har shekara. Wannan sabon yashin da kuka zuƙo daga ƙasan teku kuka zuba a nan kuwa ko ɗumi ba ya riƙewa."

"Inna, ba don shi ba da teku ya cinye titin nan."

"Ya cinye mana! Ni na aike ku?"

"To ki matsa wajen duwatsu, akwai sauran tsohon yashi."

"Wurinmu gaban bishiyar can ne. Nan maigidana yake tona mini rami duk bazara."

"Sai ya tona a can ɗin."

"Ya rasu. Raminsa na ƙarshe yana nan har makon jiya, kullum sai na zo na gan shi. Wa ya rufe shi a cikinku?"

"Ga bas can, Inna," ya ce, alhali hanya wayam.